Darasin Da Hunturu Ya Koya Mini a Tiga

Shugaban wannan ƙungiya, iyayenmu malamai, da 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, ina godiya da aka ba ni wannan dama. An nemi in yi bayani a kan fitar da na yi da 'yan sikawut na makarantarmu. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka kuskurena zan faɗa muku.

A watan Janairun bara na ɗauki hutu daga ofis, na jagoranci yara 24 zuwa gefen madatsar ruwa ta Tiga don mu yi kwana uku. Ana jibi za mu tashi na shiga Kasuwar Singa da kuɗin da kuka tara. Kun san Singa, in mutum ya ga sauƙin sari sai ya manta da lissafi. Na sayi shinkafa da taliya da sukari da madara da ganyen shayi da man gyaɗa, har sai da mai baro ya yi sawu biyu. Niyyata in zarce Kantin Kwari in sayo barguna, amma da na laluba aljihu ba abin da ya saura. Sai na ce ai samari ne, jininsu da zafi.

Daren farko hunturu ya nuna mana iyakarmu. Iskar da ke busowa daga Sahara busasshiya ce, ba ta riƙe zafin rana, shi ya sa sanyi ke tsananta kafin asuba. Ga shi tabarma ɗaya ce tsakanin yaro da ƙasa.

Wajen ƙarfe uku na dare na fito zagaye, sai na ji wani tanti ya yi tsit, an daɗe ƙofarsa. Ashe yara huɗu sun shigar da kaskon gawayi ciki. Na tarar biyu suna kukan ciwon kai da jiri, ɗaya yana amai, ƙaramin kuwa da ƙyar ya buɗe ido. Muka jawo su waje, muka garzaya da su asibiti. Allah Ya kiyaye, duk suka farfaɗo.

Jama'a, gawayin da ke ci a rufaffen wuri yana fitar da iskar guba marar launi, marar wari, wadda ke kama jini fiye da yadda iskar numfashi ke kama shi sau 200. Mai barci ba ya farga. Abin da ya faru a tantin nan yana iya faruwa a ɗakunanmu.

Baden-Powell ya yi zangonsa na farko a tsibirin Brownsea na Ingila a 1907 da yara 20, harkar ta iso Nijeriya a 1915, taken kuwa bai sauya ba: a zauna cikin shiri. Yaran ba su da laifi, ni ne na saɓa wa taken tun daga Singa.

Wasu iyaye sun ce 'ya'yansu ba za su sake fita ba, ban kuma ga laifinsu ba. Roƙona gare ku shi ne kada harkar da ta horar da mu ta mutu a hannunmu. Kowane aji ya ɗauki nauyin barguna biyar, likitocin cikinmu kuma su ba yaran horon taimakon gaggawa kafin Disamba. Ni ma zan koma Singa, amma bargo zan fara saye.