Jawabi Kan Tseren Keke Da Shan Ruwa



Maganar da aka ba ni yau ita ce tseren keke da samarinmu ke yi lokacin shagulgula. Ku ƴan cin rani ku ke aiko kekunan, ku ke aiko kuɗɗin kyauta. Ku dattijai ku ke ba da izini. To, akwai abu guda da ba mu tanada yadda ya kamata, shi ne ruwan sha. Samari sun ɗauki haƙurin ƙishirwa jarunta, har suna yi wa mai tsayawa shan ruwa dariya. Wanga ra'ayi shi muke so a kashe kahin shi kashe muna yaro.

Ga yadda abin yake. Mai tuƙa keke da ƙarhi cikin zahi yana zubar da zufa lita 1 zuwa 2 cikin awa guda. A ƙasarmu ta Arewa, watan Afrilu da Mayu zahi kan wuce digiri 40, kuma iskar gudu tana busar da zufar nan take, har yaro bai san ya zubar da ita ba. Saurayi mai kilo 60, in ya rasa ruwan da ya kai lita 1 da ɗan ƙari, ƙarhinsa ya fara raguwa ke nan. Jini ya ragu, zuciya ta ƙara bugu, jiki ya kāsa hucewa. Ƙishirwa kuwa ba ta zuwa da wuri. Lokacin da maƙogwaro ya bushe, ɓarna ta riga ta soma.

Kada a ce wannan ciwon ragwaye ne. A 1967, cikin babban tseren ƙasar Faransa, wani gwanin Ingila mai suna Tom Simpson ya faɗi a kan dutsen Ventoux, ya mutu yana da shekara 29. Rana ce mai tsananin zahi, a zamanin nan ana taƙaita ruwan da ƴan tsere ke samu, shi kuma ya sha ƙwayar ƙara kuzari da giya. Ku dubi kuma maƙwabtanmu: tseren Burkina Faso da aka fara a 1987, wajen ƙarshen Oktoba ake yin shi, ba cikin bazara ba, motoci na biye da ruwa.

Saboda haka ga gargaɗi ga samari. A sha kamar rabin lita awa 2 kahin tashi. A kan hanya a riƙa kurɓa kowane minti 15 ko 20, yadda za a sha rabin lita ko hiye cikin awa. In tseren ya wuce awa guda, ruwa kaɗai bai isa ba, don zufa tana hita da gishiri. A haɗa lita 1 ta ruwa mai tsabta da cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri, cokali shahe, ba mai tozo ba. Kada kuma a ɗura ruwa zalla har ciki shi kumbura, shi ma yana da lahani. Bayan an sauka, hura da nono ta hi kome. Awon da kowa ke iya yi shi ne hitsari: in ya hito fari-fari, lahiya lau, in ya yi ja kamar shayi kuma kaɗan, jiki na neman ruwa.

Sai maganar taramol, wadda kowa ya san ta shigo garuruwanmu. Tana rufe wa yaro jin gajiya da ciwo, alhali su ne ke gaya mashi ya tsaya. Hukumar tseren keke ta duniya ta hana ta tun 2019. Mu ma duk wanda aka kama da ita, kada a ba shi kyauta ko da shi ya zo na ɗaya.

In kun ga yaro yana tangaɗi a kan keke, ko yana sambatu, ko bai gane mutane, ku sauke shi, ku kai shi inuwa, ku tuɓe mashi riga, ku jiƙa shi da ruwa kuna hihita, a nemi mota zuwa asibitin Dogon Dutsi ko na Tibiri. Wanda ya suma ba a ɗura mashi ruwa a baki.

Roƙonmu ga ƙungiya uku ne. Na ɗaya, a tashi tsere bayan sallar asuba, a gama kahin hantsi ya yi zahi, kuma kada a sa shi da rana cikin azumi. Na biyu, cikin kuɗɗin da ƴan cin rani ke aikowa a ware na ruwa, gishiri da sukari, a aje randa ko jarka da mutum biyu kowane kilomita 10. Na uku, babur guda shi bi bayan na ƙarshe. Ƙauyukan bakin hanya, daga Matankari har Kore Mai Ruwa, ba za su hana ɗiyansu ruwan rijiya ba in dattijai suka aika tun da wuri.

Rigakahi ya hi magani. Allah shi tsare muna yaranmu, shi maida kowa gidansa lahiya.