JAWABIN KOMITI A TARON WATA: YARANMU DA GIDAN KASO



Abin da ya tara mu yau ba ɓoyayye ba ne. Bara an kama wani yaron garinmu mai tura amalanke a kasuwar Katako, kan zancen satar waya. Shekarunsa 15. Ya yi wata huɗu a tsare kafin labari ya iso mana, don ba wanda ya san inda ya shiga. Da ya fito ba shi da amalanke, ba shi da wurin kwana. Kafin kaka aka sake kama shi. Wannan karo na biyu, mu ma muna da namu laifi.

To, ga abin da doka ta ce, don da yawa cikinmu ba su sani ba. Nijar ta amince da yarjejeniyar duniya kan haƙƙin yara a 1990. A 1999 aka kafa kotunan yara, kuma doka mai lamba 2014-72 ta watan Nuwamba 2014 ta sake tsara aikinsu. Yaron da bai kai shekara 13 ba, ba a yanke masa hukuncin laifi, sai dai a ɗauki matakin kula da shi. Daga 13 zuwa 18 kuwa, alƙalin yara ne ke duba al'amarinsa, kuma hukuncinsa bai kai na babba ba. Alƙali yana da ikon danƙa yaro ga iyayensa ko ga wani amintacce maimakon ya tura shi kaso. Dokar 2011 ta kafa hukumar ANAJJ domin talaka ya samu lauya ba da kuɗinsa ba. A 2017 kuma aka yi dokar da ta ba da damar mai ƙaramin laifi ya biya da aikin amfanin jama'a.

Dokokin suna da kyau, amma doka ba ta tafiya sai da kuɗi. Gidan kason Yamai tun zamanin Nasara aka gina shi don ɗaruruwan mutane, shekaru da dama ke nan yana ɗauke da fiye da dubu. Akwai gidan horon yara a Dakwaro, cikin jihar Maraɗi, wanda aka yi don koyar da sana'a, amma gida ɗaya ina zai kai a ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su cika shekara 15 ba? Da yawa daga aikin koya wa yaran kaso karatu da sana'a, UNICEF da ƙungiyoyin agaji ne suka tallafa masa. Mun kuma ga yadda Tarayyar Turai ta dakatar da kuɗin da take bai wa gwamnati bayan 26 ga Yuli 2023. Wanda ya dogara da tukunyar maƙwabci, wata rana da yunwa zai kwana.

Saboda haka roƙonmu ga hukuma shi ne ta ware wa wannan aiki kuɗi daga baitulmalin ƙasa: a ƙara alƙalan yara, a biya ma'aikatan da ke bin sawun yaro bayan ya fita, a sayi keken ɗinki da kayan kafinta. Yaron da ya fito da sana'a a hannu ba ya komawa da wuri. Wanda ya fito hannu rabbana, abokan da ya yi a ciki su ne za su tarbe shi.

Amma ƴan'uwa, ko gwamnati ta zuba miliyoyi, alƙali ba zai danƙa yaro ga iska ba. Zai tambaya: ina ubansa, wa ya tsaya masa? Uban yana ƙauye. Mu ne uban a nan.

Ga abin da komiti ya kawo muku ku duba:

Na ɗaya, duk yaron da ya sauka tashar Wadata daga gida, a rubuta sunansa da na mai masaukinsa a littafin ƙungiya.

Na biyu, a naɗa dattawa biyu waɗanda za su je komisariya ko kotu a ranar da aka ji an kama ɗanmu.

Na uku, kowane yaro a nemo masa takardar haihuwa. In babu ita, da wuya a tabbatar yaro ne, sai a lissafa shi cikin manya.

Na huɗu, kowa ya ƙara dala ashirin a kan kuɗin wata, don jarin wanda ya fito. Masu gareji da teloli da magina da ke cikinmu, kowa ya karɓi ɗaya ya koya masa aiki.

Ba mu ce a ɗaure wa ɓarawo gindi ba. Wanda ya ci kayan mutane a biya mai kaya, a yi wa yaron faɗa. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Wanda ke da magana, ga fili. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka. Amin.

Wassalamu alaikum.