KARATUN YARA A HUTUN DAMINA: KOWA YA ZO DA LITTAFI GUDA

Jawabin kwamitin ilmi a gaban taron ƙungiya, a garin Diffa



Iyayenmu dattawa, ranku ya daɗe. Malamai, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata, sannunku da ɗawainiya. Ƴan'uwa ƴan ci-rani da kuka taso daga Yamai da Damagaram da Agadas da Kano da Maiduguri, barkanku da sauka. Waɗanda kuma wannan takarda za ta iske can wurin nema, muna gaishe ku, maganar nan har da ku.

Abin da ya sa muka tsaya gabanku yau shi ne maganar yaranmu na lekol, watau ƴan aji CE2 da CM1 da CM2, da waɗanda suka shiga shekarar farko ko ta biyu ta kolej. Kamar yadda kuka sani, ana rufe lekol a ƙarshen watan Yuni, ba a komawa sai Oktoba. Wata uku ke nan cur. A cikin watannin nan yaro yana gona, ko yana bin awaki, ko yana taya ubansa aikin tattasai a bakin Komadugu. Yarinya kuwa tana ɗebo ruwa, tana raino, tana talla. Duk wannan aiki ne na kirki, ba mu ce a bari ba. Amma malaman lekol sun sha gaya mana cewa yaron da ya yi wata uku bai buɗe takarda ba, in ya koma aji sai an yi makonni ana tuna masa abin da ya riga ya sani. Karatu kamar lauje ne, in an jingine shi sai ya yi tsatsa.

Ku dubi halin da muke ciki. Akwai wani awo da ake yi wa ɗaliban ƙasashen Afirka masu koyarwa da Faransanci, ana ce da shi PASEC. A awon shekarar 2014 an tarar cewa cikin ƴan ajin ƙarshe na firamare a Nijar, waɗanda suka iya karatu yadda ya kamata ba su kai ɗaya cikin goma ba. A na 2019 abin ya ɗan gyaru, ya kai wajen uku cikin goma. Wannan lissafin ƙasa ne baki ɗaya. Mu kuwa a nan muna da namu ciwon. Tun ran 6 ga Fabrairu 2015 da aka kawo hari Bosso da Diffa, ƙauyuka da yawa na bakin kogi suka watse, kafin shekarar ta ƙare an rufe makarantu fiye da 150 a jihar nan. Mutane suka kafa bukkoki a gefen babbar hanya, yara suka yi karatu a rumfuna, waɗansu ma ba su yi ba sam. Bayan haka ga ambaliyar Komadugu ta 2019 da ta 2022. To, yaran da aka haifa cikin shekarun nan na gudu, su ne yau ke zaune a azuzuwan da muke magana. In wani yaro a duniya yana bukatar a taimake shi da littafi, namu ne.

Shawararmu guda ce. Kowane ɗan ƙungiya da ke ci-rani, in zai zo gida, ko in zai aiko da saƙo, ya haɗa da littafi guda na yara. Muna zuwa da turmin atamfa da shayi da sukari da wayar salula, littafi guda ba zai karya jaka ba. Za a tara su a akwatin ƙarfe, a riƙa ba yara aro. Saboda kada kowa ya sayo abin da ba shi da amfani, ga waɗanda muka zaɓa.

Na farko, littattafan Hausa. Waɗannan aikin mutanenmu ne na Kano da Maiduguri da masu bi ta Zariya, domin kamfanin NNPC na Zariya shi ne ya daɗe yana buga yawancinsu. Wanda ya fi kowanne shi ne Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, littafi uku ne, ya fara fitowa a 1937. Labarin wani aku ne da ke ba ɗan sarki labaru dare bayan dare don ya hana shi fita ya faɗa hannun maƙiya. Labarun gajeru ne, yaro na iya gama guda a zama ɗaya, shi ya sa ya dace da ƴan CE2 da CM1. Sai Ruwan Bagaja, shi ma na Imam ne, na 1934, labarin mutumin da ya zaga duniya neman ruwan magani, yana ta kai ruwa rana da abokin gabansa Malam Zurƙe. Ba yaron da zai ji shi bai yi dariya ba. Akwai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, labarin yaron da ya tashi gurgu, Allah ya ba shi lafiya ya zama jarumi. Akwai Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969, inda aka ɗauki wani yaro aka kai shi yawo sararin samaniya. Yaro mai yawan tambaya game da tsirrai da dabbobi da ƙwari kuwa, a nemo masa Ikon Allah, wanda Imam ya rubuta tare da Dokta East.

Akwai guda biyu da muke so a yi hattara da su. Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa littafi ne mai daraja, amma labarin yaro ne da aka sace aka raba shi da uwarsa, ita kuma ta bi sawunsa har ta faɗa bauta. Ganɗoki na Bello Kagara kuma yaƙi ne tun daga farko. Da yawa cikin yaranmu sun ga irin wannan da idonsu. Saboda haka a bar wa ƴan kolej su, kuma a karanta su da babba a kusa.

Wani zai ce, ai mu a gida Barbarci muke yi, ko Fillanci, ko Tubanci, ko Larabci, me ya kai mu littafin Hausa? Amsa ita ce, harshen gida yana nan daram, za mu zo kansa. Amma yaron Diffa yana jin Hausa a kasuwa da tasha da rediyo, kuma karatu ya fi saurin kama mutum cikin harshen da kunnensa ya saba da shi. Don haka ne aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973. Ga shi kuma a watan Maris 2025 an mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Sai dai yaron da ya koyi baƙaƙe da Faransanci yana bukatar a nuna masa ƴan abubuwa: a rubutun Hausa, u shi ne ou ɗinsu, sh shi ne ch, c kuma shi ne tch. Sa'an nan ga baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Littattafan Nijeriya kuma suna rubuta 'y inda mu muke rubuta ƴ. Wannan aikin ƴan kwanaki ne, ba ya wuce mako.

Na biyu, littattafan Faransanci, domin har yanzu da shi yaro ke rubuta jarrabawa. Waɗannan aikin mutanenmu ne na Yamai da Damagaram. Ga ƙanana, a nemo La Belle Histoire de Leuk-le-Lièvre, wanda Senghor na Senegal da Abdoulaye Sadji suka rubuta a 1953 musamman don ƴan firamare. Labarin zomo ne mai wayo da kura mai haɗama, yaro zai ji kamar tatsuniyar gida. Ga ƴan CM1 da CM2, akwai na marigayi Boubou Hama, wanda ya rasu a 1982: Le Baobab merveilleux da L'Aventure d'Albarka, waɗanda ya rubuta tare da Andrée Clair, da kuma Contes et légendes du Niger. Akwai Les Contes d'Amadou Koumba na Birago Diop, na 1947, da Petit Bodiel na Amadou Hampâté Bâ, wanda tatsuniyar Fulani ce. Ga ƴan kolej, L'Enfant noir na Camara Laye, na 1953, labarin ɗan maƙeri a Gine da ya bar gida neman ilmi. Sai kuma Sarraounia, na 1980, labarin sarauniyar Lugu da ta tsaya wa sojan Voulet da Chanoine a 1899. Ku gaya wa yara cewa wanda ya rubuta shi, Abdoulaye Mamani, a Gudumariya aka haife shi a 1932. Ɗan jiharmu ne. Har fim aka yi da littafinsa, ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987.

Na uku, littafin da babu shi a kasuwa, sai yaran su rubuta da kansu. Littattafan yara da Barbarci ko Fillanci ko Tubanci kaɗan ne, wanda ya ci karo da guda a Yamai ko Maiduguri ya sayo mana ko nawa ne. Amma abin da ke cikin kan dattawanmu ya fi abin da aka buga yawa. Ku tuna, a bakin kogin nan namu Birnin Gazargamu yake, inda Mai Idris Alauma ya yi mulki, limaminsa Ahmad bin Furtuwa ya rubuta labarin yaƙe-yaƙensa. Ku tuna kuma da Ali Eisami, mutumin Barno da aka kama bawa, ya ƙare a Saliyo. Can ya zauna yana ba wani Bajamushe mai suna Koelle tatsuniyoyi da karin magana na Barbarci, aka buga su a 1854, ga su nan har yau. Da bai faɗa ba, da ba a rubuta ba, da sun bi shi kabari. Saboda haka muna roƙo a saya wa kowane yaro kaye guda da bik. Kowane mako ya zauna gaban kakarsa ko kakansa ya rubuta tatsuniya guda, ko sunayen kifayen kogi, ko yadda aka kafa ƙauyenmu da sunayen unguwanninsa da rijiyoyinsa. Wannan ya fi muhimmanci ga yaran da aka haifa a wurin hijira, waɗanda ba su taɓa ganin garin iyayensu ba.

Yanzu ga yadda muke ganin za a tafiyar da abin. Akwatin ya zauna gidan dattijo guda da kowa ya yarda da shi, a ɗora shi bisa duwatsu saboda gara da laima. Ɗan kolej guda ya riƙe rajista, ya rubuta sunan mai aro da ranar mayarwa. Aro mako guda ne. Littafin da ya yage a ɗinke shi, kada a doki yaro a kansa, domin in aka doke shi ba zai sake zuwa ba. Lokacin karatu kuwa rabin awa ya isa, bayan an taso daga gona, tsakanin azahar da la'asar. Ba mu yarda a taɓa lokacin makarantar allo ba. Ranar Alhamis da babu allo, sai a tara yara a inuwa, guda ya karanta da ƙarfi saura su saurara. Yaran baƙinmu ƴan gudun hijira su ma a kira su, akwatin na kowa ne.

Iyayenmu mata, ga roƙonmu gare ku. In an ce rabin awa, har da ƴaƴa mata. Kada ɗan'uwanta ya zauna da littafi ita tana bakin murhu. A ɗage mata tallan nan kaɗan.

Dattijon da bai yi boko ba kada ya ce ba ruwansa. Kai ne alƙalin karatun. Ka sa yaro ya buɗe shafi guda ya karanta maka. In ka ji ya yi tuntuɓe ya fi sau biyar, littafin ya fi ƙarfinsa, a sauya masa mai sauƙi. In ya wuce sumul, ka ce ya rufe littafin ya ba ka labarin da harshen gida. In ya iya, ya fahimta. In ya kasa, baki kawai yake motsawa, a sake. Ba ka bukatar sanin baƙi ko guda kafin ka yi wannan.

Sakataren ƙungiya yana bakin ƙofa da takarda. Kafin a watse, kowa ya rubuta sunansa da littafin da ya ɗauki alkawari, don kada mutum goma su sayo iri ɗaya. Na nesa su aiko da nasu ta hannun wakilin garin da suke. Muna so akwatin ya buɗe kafin a gama noman farko.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa garinsa, ya shirya mana zuriya. Amin.