Wanne Za Mu Fara? Jawabin Sakatare Kan Ma'aunin Fifita Ayyuka

 



Kowace shekara buƙatun da ke iso mana daga unguwannin cikin badala, tun daga Yakasai har Jakara da Mandawari, sun fi abin da ke asusunmu yawa. Dole wani aiki ya jira. A baya, sau da yawa wanda ya fi kusa da mu ko ya fi baki shi muke fara yi wa, alhali dukiyar amana ce da za a tambaye mu a kanta.

Saboda haka muka aro wani ma'auni daga masu ƙera manhajar kwamfuta, waɗanda su ma ayyuka kan fi ƙarfin hannunsu. Kamfanin Intercom ne ya fito da shi, ana ce masa RICE. Tambayoyinsa huɗu ne: mutum nawa aikin zai amfana, girman amfanin, tabbacin da muke da shi, da abin da zai ci. A ninka ukun farko, a raba da na huɗu.

Girman amfani kuwa ba mu bar shi ga son rai ba. Mun bi rabon da Imam Shaɗibi ya yi bayaninsa a Muwafaƙat: larura maki 3, buƙata maki 2, ƙawa maki 1.

Ga misali don fahimta. A ce rijiyar burtsatse za ta shayar da mutum 500, larura ce, tabbacin samun ruwa kashi 80 cikin 100, kuɗinta naira miliyan 4. Makinta 300. Sa tayil a masallaci mai masallata 300 ƙawa ce, tabbacinsa cikakke, kuɗinsa miliyan 3. Makinsa 100. Rijiya ce a gaba, ko da masallacin na unguwata ne.

Ma'aunin yana da iyaka biyu. Zakka tana da masu ita guda 8 da aka ambata a Suratut Tauba, aya ta 60, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ba a gina masallaci da ita. Haka nan sharaɗin mai waƙafi yana gaba da kowane lissafi. A kan sadaka da waƙafin da ba a ƙayyade ba kaɗai muke aiki da maki.

Roƙona ga kwamitoci shi ne ku rubuto adadin gaskiya, domin duk wanda ya ƙara mutum ɗari a takarda ya tauye haƙƙin wata unguwa. Ku kuma masu bayarwa, idan aikin da kuke so ya jira, takardar makin tana ofis, ku zo ku duba.