Amsoshin Wasiƙunku: Na Biya Kuɗin Hoto, Ina Hoton Yake?

Wasiƙarmu ta yau daga wani manomi ta fito, mai taɓa fataucin hatsi, wanda ya ce yakan kai kaya kasuwar Dawanau. Bayan gaisuwa, ya ce tsohonsa ya yi wata biyu yana fama da tari, ya ɗauke shi ya kai shi wani babban asibiti a birni. Likita ya rubuta a yi hoton ƙirji, ya biya, aka shiga da tsoho ɗaki, ko minti biyar ba a yi ba aka fito. Ya miƙa hannu a ba shi hoto, aka ce babu, wai yana cikin kwamfuta, su dawo jibi. Alhali a da, in ji shi, baƙin fim ake ba mutum a cikin ƙatuwar ambulan ya tafi da abinsa. Shi dai bai koma ba, ya ce ba zai ƙara asarar kuɗin mota ba sai ya ji daga gare mu ko cutarsa aka yi. Can a ƙarshen takardar kuma ya ƙara da cewa da katin ƙanen tsohon suka je, don na tsohon ya ɓace, yana fata ba komai.

To Malam, Allah ya ba Baba lafiya. Bisa ga abin da ka bayyana, ba mu ga alamar cuta ba, haka aikin yake tafiya yanzu a manyan asibitoci da yawa. Abin da ya tayar mana da hankali shi ne maganar katin nan da ka jefo a ƙarshe kamar ba komai ba. Za mu zo kanta, amma bari mu fara da inda hoton ya shiga.

Wani Bajamushe mai suna Wilhelm Rontgen ne ya gano hasken da ke ratsa tsoka ya nuna ƙashi, a shekarar 1895. Daga nan aka yi kusan shekara ɗari fim ake sa wa, a wanke shi da ruwan magani a ɗaki mai duhu, kamar dai yadda masu hoton kasuwa ke yi a da. Fim ɗin nan ƙwaya ɗaya tak yake fitowa. In yana hannunka, likita ba shi da shi. In ɗaki ya yi yoyo da damina, ko gara ta shiga akwati, shi ke nan, sai a sake biya a sake ɗauka. Ga shi da tsada, don akwai azurfa a jikinsa, kuma daga waje ake shigo da shi.

A shekarar 1971 aka fara gwada wata na'ura a kan majiyyaci a birnin Landan, wadda ake kira CT. Ita wannan yanka-yanka take ɗaukar jiki, kamar yadda mai shayi ke yanka burodi, kowane yanki hoto guda. Na'urorin yanzu sukan fitar da ɗaruruwan hotuna a kan mutum ɗaya. Wa zai wanke fim ɗari uku, kuma a wace ambulan za a zuba? Dole aka koma ga kwamfuta. A 1993 aka tsayar da wata ƙa'ida da ake kira DICOM, wato harshe ɗaya da na'urorin kamfanoni daban-daban za su riƙa rubuta hoto da shi, ta yadda na'urar Jamus za ta ɗauka, kwamfutar Japan ta buɗe. A wannan shekarar ce kuma wani asibitin tsofaffin sojoji a birnin Baltimore na Amurka ya koma aiki ba fim.

Sashen hoto na zamani yana da abubuwa biyu. Akwai littafin rajista na kwamfuta, Turawa na ce masa RIS. Akwai kuma rumbun ajiyar hotuna, shi kuma PACS. Ku bar ta sunayen, ku dai riƙe littafi da rumbu.

Ga yadda Baba ya bi ta cikinsu ba ka sani ba. Da ka miƙa takardar likita a taga, akawu ya buga lambar kati, suna da shekaru suka fito, ya shigar da irin hoton da ake so da dalilinsa, aka nuna an biya. Nan take sunan ya tafi ta waya ya bayyana a jikin na'urar ɗaukar hoto, cikin jerin masu jira. Ma'aikacin ɗaukar hoto ya kira suna, ya danna shi a kan allo, ya tsayar da Baba ya ce ya ja numfashi ya riƙe. Cikin 'yan daƙiƙoƙi hoton ya fito a gabansa, ya ga ya yi kyau, ya tura shi rumbu. Abin da ya sa ka ga an fito da wuri ke nan, babu wanki, babu shanya. A jikin hoton kuwa an manna suna da lambar kati da shekaru da ranar ɗauka, duk inda ya je tare suke tafiya.

Kai da ka san Dawanau ba sai an yi maka dogon bayani ba. Buhu dubu ne a sito, duk masara ce, duk kamarsu ɗaya. Da me kake gane naka? Da shaidar da ka rubuta a jikinsa. To ƙirjin mutane a hoto haka yake, haƙarƙari ne da huhu da zuciya, babu fuska, babu tsage. Lambar katin nan ita ce shaidar buhu.

Sai batun jibi. Jama'a da yawa suna zaton hoton shi ne amsa. A'a, amsar ita ce takardar sakamako da likitan karanta hoto zai rubuta ya sa hannu. Wannan likita ne da ya ƙara shekaru yana koyon wannan fanni kaɗai bayan ya gama karatun likita, kuma irinsu ba su da yawa a ƙasar nan, akasarinsu suna manyan birane. Yana zaune a ɗaki mai ƙarancin haske, gabansa manyan alluna, kwamfuta tana jero masa aiki. Ba kuma layin wanda ya riga zuwa ake bi ba. Wanda mota ta buge a ka, da wanda ake zaton hanjinsa ya ɓule, su ake fara dubawa, mai tarin wata biyu ya biyo baya. In ka ga an riga ka, ba lalle sanayya ba ce. Wani asibitin ma ba shi da irin wannan likita ko ɗaya, sai ya tura hoton ta intanet zuwa wani gari, a karanta a can a dawo da sakamako. Fim ba ya wannan tafiyar sai a mota.

Kuma don Allah a daina matsa wa mai ɗaukar hoto da "Malam me ka gani?" Shi ma ƙwararre ne a fanninsa, akwai hukumar da ke yi musu rajista a Nijeriya tun 1987, amma faɗin cuta ba hurumin sa ba ne. In ya yi shiru ba wulaƙanci ya yi maka ba.

Yanzu ga maganar kati. Malam, kayan aro ba ya rufe katara. A wurin kwamfuta, wanda aka ɗauka hoto ran nan ƙanen Baba ne, don lambarsa ka bayar, ita kuwa ba ta san fuska ba. Likitan da zai karanta bai taɓa ganin Baba ba, abin da ke rubuce kawai yake gani. Kuma aikinsa na farko shi ne ya jawo tsohon hoton mai wannan lamba daga rumbu ya jera su biyu, ya ga me ya canja. In ƙanen ya taɓa yin hoto a asibitin, to ƙirjin mutum biyu za a gwada a ce na mutum ɗaya ne. Tabon da Baba ya shekara ashirin da shi zai zama kamar sabon abu ne da ya tsiro cikin 'yan watanni, a shiga neman ciwon daji, a sa ku gwaje-gwaje masu tsada. Shi ma ƙanen ba a bar shi ba. Ranar da ya zo da nasa ciwon, za a buɗe fayil a ga cutar da ba tasa ba, wataƙila a ɗora shi a kan maganin da bai shafe shi ba. Kuɗin buɗe sabon kati nawa yake, in aka gwada da wannan?

Abin yi shi ne ku koma cikin makon nan, kada a ƙara jinkiri. Kafin ku karɓi sakamako, ka je ofishin kati ka faɗa musu gaskiya. A nemo tsohuwar lambar Baba da sunansa, in ba a samu ba a buɗe masa sabuwa. Sa'an nan ka je sashen hoto ka ce a mayar da hoton nan kan sunansa. Suna da hanyar gyara wannan a kwamfuta, ba kai ne farau ba. Faɗa dai za ka iya sha, ka haƙura.

Sauran masu sauraro, ko ba aron kati akwai inda muke rikita lissafin nan da bakinmu. Asibiti ɗaya zai iya samun Muhammadu Sani fiye da ɗari. Mutum ɗaya kuma yau ya ce Mamman, gobe Muhammadu, jibi ya ƙara sunan garinsu, ya tashi da fayil uku, kowanne da guntun tarihinsa. Mata sun fi shiga wannan. Bana an rubuta ta da sunan uba, baɗi da sunan miji, wata kuma saboda alkunya ba za ta faɗi sunan mijin ba, sai 'yar rakiya ta faɗi abin da ya zo bakinta. Wata Ladi ko Talatu kowa ya san ta, sunan yanka daban. Ku tsayar da suna ɗaya da shekarar haihuwa ɗaya, waɗanda ke jikin katin ɗan ƙasa, su za ku riƙa bayarwa ko'ina. Lambar katin asibiti kuma a kwafe ta a wata takarda, ko a sa yaro ya ɗauke ta a waya. In an kira suna a ƙofar ɗakin hoto, kada ka miƙe don ka ji rabin sunanka, ka faɗi cikakken suna da bakinka a duba.

Ba kuma muna cewa kwamfuta ba ta da aibi ba ne. Wuta ta ɗauke, janareta ba mai, aiki ya tsaya cak. Wani lokaci na'ura lafiya lau amma sabis ya ɗauke tsakaninta da rumbu, ka wuni a benci. Ko Ingila da ƙarfinta, a watan Mayu na 2017 ɓarayin intanet sun kulle kwamfutocin asibitoci da dama, aka soke ganin dubban majiyyata. Har yanzu kuma ƙananan asibitoci da yawa a ƙasar nan fim suke wankewa, kuma yana aiki. Wanda aka ba fim ya adana shi a shimfiɗe, kada a naɗe, kada rana ko laima ta taɓa shi.

Wani abin lura, rumbun wannan asibiti ba ya haɗe da na wancan. Saboda haka in aka tura ku wani gari, ku nemi a zuba muku hotunan a faifan CD ko a buga muku, tare da takardar sakamako. Sau da yawa akan biya wani abu kaɗan. Ɗaukar fuskar allo da waya ba ya wadatarwa, don likita yana buƙatar ya ƙara haske, ya rage, ya auna girman abu, hoton waya kuwa ba ya ba shi wannan dama. In ba ku je da shi ba, sake ɗauka za a yi. Ban da kuɗi, hasken nan ba a son a yi ta dirka wa jiki ba dalili. Na hoton ƙirji kaɗan ne ƙwarai, amma CT ɗaya na ƙirji ya ninka shi sau gommai. Shi ya sa duk macen da ke da ciki, ko take zaton tana da shi, ta faɗa kafin a ɗauka. Sikanin da ake yi wa masu ciki shi ba ruwansa da wannan haske, da sauti yake aiki.

Tun da tari ne ya kai ku, ga ƙarin bayani. Tarin da ya wuce mako biyu ana so a bincika ko tarin fuka ne, kuma hoto kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an gwada kaki. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a riƙa sa kwamfuta ta fara tace hotunan ƙirji na masu shekara 15 zuwa sama domin neman wannan cuta. Irin aikin da motocin nan masu yawo ƙauyuka da na'urar hoto ke yi ke nan: kwamfuta ta nuna wanda take zargi, a karɓi kakinsa a gwada. Maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, wata shida ake sha ba fashi. In shi ne, kowace ranar da Baba ya ƙara a gida ba magani, jikokin da ke kwana kusa da shi suna shaƙa. In kun koma, ka tambayi likita ko an karɓi kakin Baba, in ba a karɓa ba ka roƙa a karɓa a ranar, kuma da sunansa na gaskiya.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.