BATIRIN MOTA: ABIN DA YA KAMATA A YI BAYAN AN TA DA MOTA DA WUTAR ARO



Da wuya a sami mai mota ko direba a ƙasar nan wanda bai taɓa murza makulli da safe ya ji mota ta yi shiru ba. Abin da aka saba yi shi ne a roƙi wani mai mota ya matso da tasa, a jona wayoyi biyu tsakanin batir da batir, mota ta tashi, a yi godiya, kowa ya kama gabansa. Jawabin nan a kan abin da ya kamata ya biyo bayan godiyar ne, gama tashin mota da wutar aro ba shaida ba ce cewa batir ya warke. Zanen aro ba ya rufe katara. Motar da ta ƙi tashi yau a ƙofar gida, gobe tana iya ƙin tashi da dare a kan babbar hanya, da iyali a ciki.

Aikin Batir

Irin batirin da yawancin motoci ke amfani da shi, wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙago shi a cikin 1859. Akwati ne mai ɗakuna 6, a kowane ɗaki akwai faranta na dalma a tsome cikin ruwan batir. Ana auna ƙarfin lantarki da ma'aunin da ake kira bolt. Kowane ɗaki yana ba da bolt 2 da 'yar ɗoriya, saboda haka cikakken batir mai lafiya yakan nuna wajen bolt 12.6.

Babban aikinsa shi ne ya ba da wuta mai ƙarfi ta 'yan daƙiƙoƙi don a juya inji. Da zarar inji ya tashi, sai dainamo, wanda fambel ke juyawa, ya karɓi aikin, ya ba fitilu da sauran kayan lantarki wuta, ya kuma mayar wa batir abin da ya kashe. Watau batir rance yake bayarwa, dainamo yana biya. In biya ya tsaya, ko na kanti ne batirin sai ya ƙare.

Tsawon Ransa

Batir yakan yi shekara 3 zuwa 5 yana aiki, amma a ƙasa mai zafi irin tamu sau da yawa ba ya wuce 2 zuwa 3. Zafi yana ƙafar da ruwan da ke cikinsa, yana kuma cin farantan. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, inda zafi kan haura digiri 40 a watan Afrilu, ɓarnar ta fi sauri. Sai dai ba kasafai take bayyana nan take ba. Sai hunturu ya kama, man inji ya yi kauri, ƙarfin batir ya ragu saboda sanyi, sannan mota ta ƙi tashi da asuba. Mutane sukan ɗora wa sanyi laifi, alhali kuwa bazara ce ta riga ta yi ɓarnar.

Akwai kuma wasu abubuwan da ke rage masa kwana: gajerun tafiye-tafiye a cikin gari waɗanda ba sa ba dainamo damar biya, da jijjiga a kan hanya mai gargada in ba a ɗaure batir tamau ba, da barin mota a ajiye makonni ba a ta da ita ba. Batirin da ya zauna babu caji, wani farin gishiri yakan daskare a kan farantansa, in ya daɗe kuwa babu cajin da zai narkar da shi.

Wajen Jona Wayoyi

Jar waya ake fara ɗaurawa a kan batirin da ya mutu, wajen kai mai alamar tarawa, sannan ɗaya bakinta a irin wannan kai na batiri mai rai. Baƙar waya kuwa a ɗaura ta a kai mai alamar ɗebewa na batiri mai rai, ɗaya bakin a jikin ƙarfen injin motar da ta mutu, nesa da batir. Dalili shi ne batir yana fitar da wata iska mai kama wuta, tartsatsi kaɗan na iya fasa shi, ruwansa kuma yana makantarwa. Kada a sha taba a wurin. Batirin da ya kumbura, ko ya tsage, ko yana yoyo, ba a jona shi sam.

Akwai wata al'ada da ya wajaba a bari, watau a ɗora batirin aro a ta da inji, sannan a cire shi inji na aiki a mai da tsohon. Motocin yanzu suna da kwamfuta a cikinsu, kuma cire batir inji na gudu yana iya ƙone ta tare da dainamo, a yi asarar da ta ninka kuɗin sabon batir.

Bayan Mota Ta Tashi

Tafiyar minti 30 tana iya ba batir abin da zai sāke ta da mota sau ɗaya ko biyu, amma ba ta cika batirin da ya zube ƙasa warwas. Wannan sai an kai shi wurin masu caji, an yi masa caji a hankali na sa'o'i da yawa. Bayan haka mai mota ya nemi dalilin mutuwar, kuma dalilan ba su cika wuce uku ba.

Na farko, mantuwa: an bar fitila ko rediyo a kunne har gari ya waye. In batirin bai tsufa ba, caji ya wadatar. Na biyu, laifin ba na batir ba ne: dainamo ya daina caji, ko fambel ya saki, ko kawunan batir sun yi tsatsa ko sun yi sako-sako, ko wata waya tana zuƙe wuta mota na kashe. Wanda ya sayi sabon batir bai gyara waɗannan ba, ya zubar da kuɗinsa. Na uku, tsufa: batirin ya daina riƙe caji.

Awo ne ke raba gardama, kuma kowane mai rewaya na kirki yana da mita. A bar mota a kashe sa'o'i da dama, sannan a auna. Bolt 12.6 cikakke ne, 12.2 kamar rabi, ƙasa da 12 kuwa batir ya zube. A lokacin da ake murza makulli bai kamata ya faɗi ƙasa da wajen 9.6 ba. Inji na aiki kuma a ga tsakanin 13.8 da 14.5, in bai kai haka ba, a binciki dainamo. Batirin da aka cika yau, ya sāke zubewa cikin kwana biyu ko uku, ga dainamo da wayoyi lafiya, ya gama aikinsa. Haka kuma wanda ya haura shekara 3 ya kuma nemi wutar aro sau biyu ba tare da wani dalili ba.

Sayen Sabo

A nemi girma da ƙarfin da aka rubuta a littafin motar, a lura kuma da gefen da kowane kai yake. A duba ranar da aka ƙera shi, gama batir yana tsufa ko a kan kanta yake; wanda bai wuce wata 6 ba ya fi. A karɓi rasiti da takardar garanti. A yi hattara da tsohon batir da aka wanke aka yi masa caji aka ce sabo ne. Araha ba ta ado. Wajen cire tsohon, a fara da kai mai alamar ɗebewa. Wajen ɗaura sabon, shi ne na ƙarshe. In batirin mai murafu ne, a riƙa duba ruwansa, in ya ragu a ƙara tataccen ruwa kaɗai, ban da na famfo ko na rijiya.

Tsohon Batir

Dalmar da ke cikinsa guba ce, musamman ga yara ƙanana, tana taɓa ƙwaƙwalwa, ɓarnar kuma ba ta gyaruwa. A unguwar Thiaroye da ke bayan birnin Dakar na ƙasar Sanagal, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008 saboda ƙurar dalma daga tsofaffin batura da ake fasawa ana narkarwa a cikin unguwa. Saboda haka kada a fasa shi a gida, kada a tsiyaye ruwansa a ƙasa ko a lambatu, kada a bar shi inda yara ke wasa. A mai da shi ga dillalin da aka sayi sabon a hannunsa, yawancinsu ma sukan rage kuɗi saboda shi.

Daga ƙarshe, wanda motarsa ta mutu a kan babbar hanya ya ture ta gefe, ya kafa alamar gargaɗi a nesa bayanta, in akwai haɗari ya kira Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya a lamba 122. Amma abin da ya fi shi ne a auna batir tun a gida, musamman kafin doguwar tafiya da kuma kafin shigowar hunturu.

Allah ya kiyaye hanya, ya sauke kowa lafiya.