Hanyoyin Kumano a Japan

Kumano Kodo tsofaffin hanyoyi ne da suka ratsa duwatsun yankin Kii, kudu da birnin Osaka. Fiye da shekara 1,000 ke nan ana bin su da ƙafa, har da sarakunan Kyoto na dā, zuwa wuraren bauta uku: Hongu, Hayatama da Nachi. A wurin mabiya, wahalar hawa matakalan dutsen ma tsarkakewa ce. Idan maziyarci ya isa, yakan wanke hannu da baki, ya jefa kwabo a akwati, ya rusuna sau biyu, ya tafa sau biyu, ya roƙi lafiya ko buɗi, ya sake rusunawa. A 2004 UNESCO ta sa hanyoyin cikin wuraren tarihin duniya.